Bajon da ke Cikin Gwangwanin Allura

Shafi na 17

Masu cewa shafin jiya ya yi gajere, na ji. Ni kafinta ne, a aji shida na bar makaranta. Abin da ya faru nake rubutawa, in ya ƙare in tsaya.

Ranar Alhamis ce, saura kwana uku a buɗe reshen wata ƙungiyar ɗalibai mata.

Ina cikin gareji ina goge harafi na uku. Haruffan ƙungiyar ne, na Girka, kowanne ya kai ƙirjina. Ban iya karanta su ba. Na farko kamar rufin ɗaki, na biyu kamar cokali mai yatsu, na uku sanduna uku a kwance. Shekara hamsin ina sassaƙa wa gidajen 'yan matan jami'ar nan irinsu, ban taɓa tambayar ma'anarsu ba, su ma ba su taɓa faɗa mini ba.

Waɗannan na jikata Noelle ne.

Shekara ɗaya da rabi ta yi tana faman dawo da ƙungiyar nan ta ɗalibai mata, irin masu zama gida ɗaya suna kiran juna 'yar'uwa. Tun 1988 aka rufe reshensu na jami'ar jiharmu don ba mutane. Ta kafa tebur a gaban ɗakin karatu cikin rana, ta bi ɗakuna, ta tara 'yan mata sittin da biyu, hedkwata ta yarda. Suka zaɓe ta shugaba. Ba a taɓa samun baƙar fata ta shugabanci gida a layin gidajen ƙungiyoyin nan ba. Ranar Lahadi sunanta ne zai zama na farko a takardar kafa reshe.

Kakarta Odessa, matata, sati shida kenan da binne ta. Ita ce ta yi girki a gidan ƙungiyar shekara goma sha ɗaya.

Da ana kwashe kayanta ne Noelle ta buɗe gwangwanin biskit da Odessa ke zuba allura da zare, ta ga bajo. Ɗan ƙarami, na zinariya, da haruffan nan uku a gaba da lamba a baya. A wurinsu ba mai riƙe bajo sai wadda aka rantsar. Kuma in kakar yarinya 'yar ƙungiya ce, da bajon kakar ake maƙala mata ranar rantsuwa.

Sai Noelle ta haɗa labarinta da kanta. Ta ce lalle 'yan matan wancan zamani sun rantsar da Odessa a ɓoye don girmamawa. Ta tashi a taro ta faɗa wa su sittin da biyu, aka yi ta kuka. Ta cika takarda ta rubuta cewa ita jikar 'yar ƙungiya ce, ta aika wa hedkwata lambar.

Ta nuna mini bajon a tafin hannunta. Na gane shi. Ban ce komai ba. Tun da aka binne Odessa ban cika cewa komai ba.

Ƙarfe uku da ɗan wani abu mota ta tsaya bayan a-kori-kurata.

Noelle ce ta fara shigowa. Idonta ya kumbura. Bayanta wata farar mace, gashi duk furfura, kwat shuɗi, bajo a ƙirji daidai saitin zuciya, inda dokarsu ta ce a sa.

"Pawpaw," ta ce, haka take kirana, wato kaka, "wannan Misis Prewitt ce. Daga hedkwata."

Matar ta miƙo hannu. Na nuna mata nawa duk garin katako, ta janye.

Ta yi mini ta'aziyya. Ta yaba haruffan, ta ce ba a samun irin wannan aiki yanzu. Na jawo mata kujera, ta duba ko da ƙura kafin ta zauna. Noelle ta ƙi zama.

Misis Prewitt ta buɗe jaka ta fito da takardu. Muryarta a hankali, irin ta masu karanta sanarwa a coci. Ta ce sun duba littafinsu, ba sunan Odessa a ciki, ba a taɓa rantsar da ita ba. Ta ce lambar da ke bayan bajon ta wata ɗaliba ce, kuma an rubuta tun watan Maris na 1975 cewa sace shi aka yi daga ɗakinta. Ta ce an sallami mai girkin gidan a satin.

Noelle na kallon ƙasa.

Matar ta ce ba wanda yake son tozarta kowa. Amma yarinyar ta faɗi abin da ba haka ba a rubuce, kuma kayan sata ne a hannunta, ko da ba ta sani ba. Ta ce ta samo hanya mai sauƙi. A mayar da bajon, Noelle ta sa hannu ta sauka daga shugabanci, a ce karatu ne ya yi mata yawa. Za a rantsar da ita cikin sauran. Sunan kakarta ba zai fito ko'ina ba.

Ta ajiye takardar a kan bencina, ta ɗora biro.

Noelle ta ce, "Pawpaw, ka san an kore ta?"

"Na sani."

"Ita cewa ta yi ƙafarta ce ta dame ta."

"Haka ta ce."

"Ka bar ni na tsaya gaban mutum sittin."

"Na bar ki."

  Ta ɗauki biron.

Na ce ta ajiye. Na ce ta ba ni bajon.

Ta zaro shi daga aljihu a naɗe cikin hankici. Na sa tabarau, na juya bayansa. Ƙarƙashin lambar akwai haruffa uku ƙanana, na Turanci, waɗannan kam na iya su.

"C. B. A."

Na ɗago na dubi matar.

"Carolyn Beth Ashby, sunanki kafin aure," na ce. "Ɗaki na uku a bene, gefen hagu. Kin tsufa, Miss Carolyn."

Hannunta ya je kan ƙirjinta ya dawo.

"Kai ma, Cleon."

Noelle ta dube ni ta dube ta.

"Naki ne?"

Matar ta ce eh, nata ne, shi ya sa ta roƙi hedkwata a turo ta da kanta, don a kashe maganar cikin mutunci. Ta ce ta daɗe da mantawa da abin, ba ta riƙe kowa a rai ba. Ta ce Odessa tana da kirki, har yanzu ba ta ci burodin masara kamar nata ba.

Na ce, "Kwamin wanke hannun ɗakinki kore ne."

"Ban tuna ba."

"Kore ne. Ni na tuna, ni na kwanta ƙarƙashinsa."

Daga nan na faɗa. Ban ɗaga murya ba, ba ni da ita.

Na ce sati uku bayan an kori Odessa, matar da ke kula da gidan ta kira ni, kwamin ɗaki na uku ya toshe. A lokacin ni ne mai gyaran gidan, ƙofa, taga, famfo, komai. Na kwance gwiwar bututun na zazzage a bokiti. Gashi, murfin man goge baki, da wannan. Faɗawa ya yi tana wanke fuska. Ba wanda ya taɓa shi.

Na wanke shi da rigata. Na tsare Miss Carolyn a matakalar baya, don ta gaba ba tamu ba ce. Tana sanye da rigar wasan tanis, ga sabon bajo a ƙirjinta, babanta ya riga ya sa an yi mata wani.

Na buɗe mata hannuna.

"Kin tuna abin da kika ce?"

Ta ce shekara kusan hamsin ne, mutum ba ya tuna komai.

"Kika ce, wannan ba nawa ba ne."

Noelle ta ce, "Da sunanta a jiki?"

"Da sunanta a jiki."

Misis Prewitt ta ce ita a lokacin shekararta goma sha tara. Ta ce ta riga ta rantse gaban kwamitin ladabtarwa cewa ta ga mai girki ta fito daga ɗakinta. Ta ce a dokarsu 'yar'uwar da ta yi ƙarya gaban kwamiti karɓe bajonta ake yi a goge sunanta, kuma mahaifiyarta da kakarta duk 'yan ƙungiya ne. Ta ce yarinya ce, tsoro ya kama ta.

Na ce Odessa shekararta ashirin da tara, da 'ya'ya uku. Na ce bayan nan ba gidan da ya ɗauke ta a layin, sai wankin zannuwan asibiti ta yi har ƙafar ta lalace da gaske.

Noelle ta juyo kaina.

"Kai kuma me ka yi?"

Tambayar da nake jira kenan tun ranar da ta nuna mini shi.

"Na sa a aljihu."

"Sai me?"

"Na koma na ɗaure bututun."

Na faɗa mata sauran. In na kai wa mai kula da gida, maganata ce da ta Miss Carolyn, kuma bajon yana hannuna, mijin wadda aka kora. An san yadda za ta ƙare. Aiki ɗaya ya rage a gidanmu, nawa. Na ci gaba da gyara musu ƙofofi shekara goma sha uku, har ranar da aka sauke haruffansu. Ni na sauke.

"Grandma ta sani?"

"Ban faɗa mata ba."

"Don me?"

Na ce ba zan iya zama gabanta a teburin cin abinci in ce na riƙe gaskiyarta a hannuna na mayar aljihu ba. Na ɓoye shi a ƙasan akwatin kayan aikina, ƙarƙashin kusoshi. A 1983 da muka tashi daga tsohon gida na duba ban gan shi ba. Na ɗauka ya faɗi a hanya. Na ji daɗi ma.

Noelle ta zauna a kan gwangwanin fenti. Ba ta yi kuka ba. Biron yana hannunta har yanzu, tana danna kansa.

Na juya ga matar.

Na ce ranar Lahadi ƙarfe biyu zan hau tsani in kafa haruffan nan a gaban gida, iyaye da 'yan mata duk suna tsaye a ciyawa. Na ce ko ta faɗa da bakinta kafin a sa hannu, ko ni in faɗa daga kan tsani. Na ce muryata ta tsufa amma tana kaiwa bakin titi.

"Cleon, ka yi tunani. Yarinyar nan ta sha wahala a kan gidan nan. In abin ya zama surutu iyaye za su janye 'ya'yansu."

"Ta sha wahala. Shi ya sa ba za ta sauka ba."

"Ba wanda zai yarda da kai."

"A da. Yanzu kowace tana da waya a hannu."

Ta dubi Noelle, ta kira ta 'yar'uwa. Ta ce abin da ya shafi ƙungiya a cikin ƙungiya yake zama, wannan shi ne farkon abin da za ta rantse a kai ranar Lahadi.

Noelle ta ce, "Ba a rantsar da ni ba tukuna, ma'am."

  Injin yankan ciyawar maƙwabcina yana ta aiki, ya tsaya, ya sake tashi. Matar ta cire tabarau ta riƙe a cinya.

"Ban taɓa nufin Odessa da sharri ba."

"Misis Tarver."

"Na'am?"

Na ce, "Sunanta kenan. Ta girme ki da shekara goma. Ke kina ce mata Odessa, ita tana ce miki Miss Carolyn. Yanzu ta mutu. Misis Tarver."

 Sannan ta faɗa, a hankali, kamar mai haɗiyar magani.

"Misis Tarver."

Na ɗauka zan ji wani abu. Shekara arba'in da tara ina jin wannan a kaina in ina aiki ni kaɗai. Ban ji komai ba. Na lura dai akwai wuri a sanda ta biyu ta harafin da bai gogu ba.

Ta miƙa hannu ta ɗauki takardar sauka daga kan benci, ta linke biyu, ta mayar jaka. Ta ce Noelle za ta ci gaba da zama shugaba, ita za ta yi wa hedkwata bayani. Ta ce ranar Lahadi za ta tsaya ta faɗa.

Noelle ta ajiye biron.

Na ɗauki sanfefa zan koma aiki. A ganina an gama.

"Amma in zan faɗa, duka zan faɗa," in ji matar. "Gara ka ji a nan, ba a ciyawa ba."

"Akwai saura?"

"Ba ka tambayi kanka yadda ya bar akwatinka ya shiga gwangwaninta ba?"

Na tambaya. Kowace safiya tun da Noelle ta nuna mini shi nake tambaya, in na fito na ga kujerarta a baranda. Ban faɗa mata haka ba.

Ta ce a 1983 ne, da kaka. Ta yi aure lokacin, tana zaune a unguwar bayan filin golf, da ciki na biyu. Aka ƙwanƙwasa ƙofar gaba. Ta buɗe ta ga Misis Tarver cikin kayan coci, da hula, da safar hannu, ranar Talata. Bas biyu ta hau kafin ta kai.

Na tuna ranar. Ta ce mini za ta je duba wata 'yar cocinsu a asibiti. Ta dawo ta dafa wake da naman alade, ta ce mini kunnen katako don na bar ƙofar raga a buɗe ƙudaje sun shiga. Haka take kirana in na ɓata mata rai. Ba abin da na gani a fuskarta.

"Ta zaro shi daga jakarta," in ji Misis Prewitt. "Ta ce tana haɗa kaya za ku tashi, akwatinka ya kife, ta gan shi cikin kusoshi."

Noelle ta ce, "Pawpaw, zauna."

Ban zauna ba.

"Ta ce ta zo ta mayar da shi. Ta ce ita ba ta ɗauka ba, Allah ya sani, amma yanzu ta gane wanda ya ɗauka. Ta ce kai mutumin kirki ne, lokacin ne ya yi muku tsanani, ba ka taɓa yi ba kuma ba za ka ƙara ba. Ta roƙe ni kada in kira 'yan sanda. Ta ce ita ta riga ta ɗauki sunan ɓarauniya, a bar mata shi."

Sanfefar tana hannuna. Na ga babban yatsana yana goga ta.

"Kin faɗa mata maganar bututun."

Ta gyara zaman jakarta.

"Miss Carolyn. Kin faɗa mata daga ina na samo shi."

"Mijina yana falo. Surukata ma tana nan."

"Me kika ce mata?"

"Na ce ta riƙe, ba na bukatarsa."

"Sai me?"

Ta dubi harafin da ke jingine da bango, mai kama da rufin ɗaki, ta daɗe tana kallonsa.

"Na ce ta je ta gaya maka na yafe maka."

Noelle ta sa hannu a baki.

Ni lissafi nake yi. Ban iya karatu sosai ba amma kafinta ya iya lissafi. Daga 1983 zuwa sati shida da suka wuce. Shekara arba'in da ɗaya tana zuba mini kofi da safe. Tana goge mini rigar coci. Da za a naɗa ni mai riƙe farantin kuɗin baiko a coci, ita ce ta ce in ƙi, wai gwiwata ba za ta jure tsayuwa ba. Na yarda. Gwiwata lafiyarta ƙalau a lokacin.

A asibiti, kwana biyu kafin ta tafi, ta riƙe hannuna ta ce, Cleon, duk abin da ya wuce ya wuce, kar ka tafi da shi a ranka. Na ce to. Na ɗauka maganar shan giyata ta da take yi.

"Mista Tarver," in ji matar. Karo na farko kenan da ta kira ni haka.

Na ɗauki bajon daga kan benci na miƙa wa Noelle. Na ce ta riƙe har Lahadi. Na ce ta raka baƙuwarta mota.

"Kai fa, ina za ka?"

Na riga na ɗauki makullin a-kori-kura da hulata. Ƙarfe biyar suke rufe ƙofar maƙabarta, kuma akwai wadda ban faɗa wa maganar bututu ba.